Yadda ake shirya mota mai turbo kafin hawan Jos da Mambila

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa, daga masu zuwa gareji da masu turo saƙo: motar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ta Sakkwato, me za a yi wa injinta kafin a kai ta Jos ɗauko dankali, ko a haura da ita Mambila? Galibin masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a ransu, so suke in ce a ƙara wa turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska) iska. Ba zan ce ba.

Bara wani Alhaji mai fataucin shanu ya kawo mini Hilux mai injin gas, mai lamba 2KD. Ya ce, "Malam, wagga mota lahiyatta lau, ƙarhi kawai nika so ka ƙara mata, Gembu za ni." Na ce ya bar mini ita kwana ɗaya in auna ta tukuna. Ya ga kamar jan rai nake yi masa, ya kai ta wani wuri aka gajarta sandar wesget, wato ƙofar da ke rage hayaƙin da ke juya turbo don kada iska ta wuce kima. A cikin gari ta yi ta tashi kamar doki. Bayan mako biyu yaron motarsa ya kira ni daga hawan da ke gaban Mayo Selbe, ya ce ta yi wani fito mai tsawo, sannan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayanta. Turbo ta tafi. Ga yadda ya kamata a bi da aikin, daki-daki.

1. San inda za ka da irin turbon da kake da ita

Sakkwato tana kimanin mita 300 sama da teku, Jos kimanin 1,200, Mambila kuwa kusan 1,600 a tsaka-tsaki, wajen Nguroje ma ya kusa 1,800. Nauyin iska, wanda ake aunawa da kPa, a nan gida kusan 98 ne, a Jos kusan 88, a kan Mambila kusan 84. Injin da ba shi da turbo yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. Mai turbo ba ya asarar haka, amma ba a banza ba, turbon ce take biyan bashin.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. A ce ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, tana neman kPa 200 a cikin manifol, bututun da ke raba wa inji iska. A Sakkwato turbo za ta ninka iskar waje sau 2.04 ta kai wurin. A Jos sau 2.27. A Mambila sau 2.38. Ma'ana tana juyawa da sauri fiye da yadda ta saba, iskar da take turawa kuma ta fi zafi, alhali ba ka taɓa ko noti ɗaya ba. Wanda ya ƙara mata a nan gida ya cinye ɗan sararin da kamfani ya bar mata domin irin wannan rana.

Turbo iri uku za ka tarar. Akwai mai wesget na sifirin zalla, irin na tsofaffin injinan gas masu famfon nozul na hannu kamar 4D56 da 1HD-T. Akwai mai wesget da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, kamar 1.8T na Volkswagen. Akwai kuma mai fukafukan ciki masu motsi, kamar 1KD na Hilux da Prado da yawancin injinan gas na Volkswagen masu suna TDI. Ta farko ba ta ƙoƙarin cike giɓin iska, don haka a tudu ƙarfi yana raguwa, baƙin hayaƙi yana ƙaruwa. Biyun ƙarshe su ne suke tilasta wa kansu. Duba lambar injinka kafin ka ci gaba.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Ƙaramar na'urar OBD mai karanta ƙwaƙwalwar mota, irin ELM327 da ake haɗawa da waya, da manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai na cika tankin Hilux sau ɗaya ba, kuma ita ce rabin aikin. Sai feshin wanke sensar MAF mai auna yawan iskar da ke shiga inji, ruwan sabulu a gorar feshi, famfon iska mai geji, murfin roba da za a toshe bututu da shi, alƙalamin fenti fari, da littafin rubutu. Mai injin gas da ke ɗaukar lodi ya ƙara da gejin zafin hayaƙi, EGT, shi ne mafi tsada a cikinsu saboda sai an huda manifol ɗin hayaƙi an ɗaura masa sensa. Duk ka haɗa su ba su kama ƙafar kuɗin turbo ɗaya ta tokunbo ba, balle kuɗin janwe daga Serti.

Gargaɗi: motocin da suka girmi tsarin OBD2, da wasu Hilux na farko, ba sa magana da ƙaramar na'urar. Irin waɗannan sai kwamfutar gareji, ko a ɗaura gejin iska na allura.

3. Tambayi sensa kafin ka tayar da inji

Murɗa makulli har fitilun gaba su kama, kada ka tayar. Buɗe karatun MAP (nauyin iskar cikin manifol) da na BARO (nauyin iskar waje) idan motar tana da shi. Tunda inji ba ya aiki, duka biyun dole su nuna nauyin iskar waje, wato tsakanin 96 da 99 a Sakkwato. Idan ka ga 90, ko 105, ko ka ga sun saɓa wa juna da fiye da 3, tsaya nan. Motar da ba ta san nauyin iskar da take ciki ba, ba za ta iya gyara kanta a kan tudu ba, kuma duk saitin da aka ɗora a kan wannan karatu gini ne a kan yashi.

A injin gas sau da yawa ba lalacewa sensar ta yi ba, toshewa ta yi da baƙin kunkunniyar EGR (bawul ɗin da ke mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji) haɗe da mai. Cire ta, fesa mata, bar ta ta bushe da kanta. Kada ka zura mata waya ko tsinke. A nan ne kuma za ka karanta duk kod ɗin da ke ajiye, ka rubuta su a littafi kafin ka goge. P0299 yana nufin iska ba ta kai ba, P0234 yana nufin ta wuce kima. Mai goge kod ba tare da ya rubuta ba ya zubar da shaidar da zai nema gobe.

4. Bi hanyar iska daga farko har ƙarshe

Nan ne zan daɗe, domin galibin motocin da ake kawo mini da sunan saiti, a nan matsalarsu take ƙarewa. Ban ƙirga da alƙalami ba, amma hannuna ya sani.

Fara da eya kilina. Wanda ya yi hunturu ɗaya a Sakkwato, ya bi hanyar Illela ko Tangaza, ba a tambayar ko ya toshe. Busa shi da iskar falkinaiza ba gyara ba ne, yana yaga takardar ta ciki ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta riƙa cin fukafukan turbo kamar sanfefa. Sa sabo. Toshewar da ba ka ji a gida, a tudu tana ƙara wa turbo wahala a kan wahala, domin iskar da ke shigowa ta riga ta yi ƙaranci tun daga waje.

Cire bututun da ke shiga bakin turbo, inji a sanyaye, ka kama ƙaramin notin tsakiya da yatsu biyu. Ɗan motsi sama da ƙasa ba laifi, muddin fukafuki ba ya goga jikin gida. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata ka ji shi ba. Idan ka ji, ko ka ga bakin fukafukan ya ciccije, wannan turbo ba ta tafiya ba ce.

Sai gwajin yoyo. Toshe bututun bayan MAF da murfin roba mai bawul ɗin taya, ka hura iska a hankali zuwa rabin bar a geji, ka saurara, ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne. Ka fi mai da hankali a ƙarƙashin tiyo inda mai ke taruwa ya laushe roba, da gefunan intakula (mai sanyaya iskar da turbo ta turo) inda roba ta haɗu da alminiyom. Ɗan yoyon da bai dame ka a gida ba, ƙwaƙwalwa tana rufe shi ta hanyar ƙara wa turbo gudu, a kan Mambila kuma babu sauran gudun da za a ƙara.

Gargaɗi: kada ka wuce bar ɗaya a wannan gwaji, kuma ka buɗe murfin zuba baƙin mai kafin ka fara, don kada iskar ta bi ta bututun numfashin inji ta ture sil.

Intakula kuma a wanke ta waje da ruwa mara ƙarfi, daga baya zuwa gaba, a fitar da ƙura da fara da ƙaiƙayi. Idan ka cire ta ka ga mai ya fi ɗan laima, ya taru har yana zuba, ka nemi inda yake fitowa kafin tafiya. Daga ƙarshe a duba salansa. Indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, idan ya toshe yana riƙe zafi a bayan turbo.

5. Lagireto da murfinsa

Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a mita 1,600 kusan digiri 95 ne. Inji mai lafiya yana aiki tsakanin 85 da 95. Ka ga ke nan abin da ya hana ruwanka tafasa a hawa shi ne ɗan murfin nan mai sifirin, wanda aka rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, da kulan da ke cikin ruwan. Murfin da robarsa ta tsage, da ruwan rijiya a ciki, shi ne obahitin ɗin da ake ɗora wa tudu laifinsa. Sayi sabon murfi mai lamba irin ta asali, shi ne abu mafi araha a duk wannan jagora. A wanke lagireto, a zuba kulan.

Sai maganar tamostat, bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, wadda na san za mu saɓa da abokan sana'a. Mun saba cire ta mu haɗa fanka kai tsaye, wai saboda zafin gari. A safiyar Disamba a Jos ko Gembu, motar da ba ta da tamostat ba za ta ɗumama ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai fiye da kima, a gangara mai tsawo allurar ta koma ƙasa gaba ɗaya. Mayar da ita.

6. Baƙin mai, fulogi, nozul

Yi juye kafin tafiya, da mai irin wanda kamfanin motar ya rubuta, da filta ta kirki. Man nan mai kauri 20W-50 da muke zuba wa komai yana jinkirin isa turbo da sanyin safiya. Mai fetur ya sa sabbin fulogi, tazarar bakinsu a yawancin masu turbo tsakanin milimita 0.7 da 0.8 take, amma littafin motarka ne alƙali. Mai gas ya canza filtar mai, ya zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta, idan tana hayaƙi tun a gida a kai nozul gwaji.

Wani abu da Basakkwace ba ya tunawa da shi: hita fulogi, masu ɗumama injin gas don ya tashi cikin sanyi. A nan suna iya mutuwa shekara biyu ba ka sani ba, domin zafin gari yana tayar da motar. Ranar da ka kwana a Nguroje za ka sani. A gwada su da mita, aikin minti goma ne.

Gargaɗi: buɗe murfin tanki ka karanta. Idan an rubuta 95, wato lambar ingancin fetur ɗin da take so, motar ba ta yafe mai mara kyau. Cika tanki a gidan mai da ka yarda da shi a Jalingo ko Jos, kada ka bari sai a gindin hawa ka koma wa 'yan bumburutu.

7. Auna ta a gida, da rana tsaka

Yanzu ne za a fita da ita. Ɗora mata lodi kwatankwacin wanda za ta ɗauka, ka zaɓi miƙaƙƙen wuri mara cunkoso a hanyar Gusau ko ta Jega, tsakanin azahar da la'asar. Zafinmu na Afrilu, da ke haura digiri 40, yana sirantar da iska shi ma, don haka gwaji ne mai kyau. Mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da waya. A giya ta uku, daga juyi 1,500, a taka totur har ƙasa zuwa kusan 3,500 a gas, ko 5,000 a fetur. Sau uku.

Rubuta MAP mafi girma, zafin ruwa, zafin iskar da ke shiga inji, da EGT idan akwai. Idan manhajar tana nuna iskar da ƙwaƙwalwa ta nema da wadda aka samu, su biyun su riƙa tafiya tare. A fetur ka ƙara da LTFT, wato gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan mai, wanda ya kamata ya zauna cikin kashi 10 sama ko ƙasa, ka kuma kalli tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta: idan yana faɗuwa farat ɗaya lokacin da aka taka, injin yana jin ƙwanƙwasa yana ja da baya. Ma'aunina a kan intakula shi ne, idan iskar bayanta ta fi ta waje da digiri 30 ta zauna a haka, akwai sauran aiki. Wasu motocin sensar zafin iskarsu tana gaban turbo, karatunta ba zai gaya maka wannan ba.

Motar da ta ci wannan jarrabawa, kuma ba a taɓa yi wa ƙwaƙwalwarta rubutu ba, ta gama. Kamfani ya riga ya sa mata jadawalin rage iska da mai gwargwadon tudu. Tsallake mataki na 8.

8. Saitin kansa

Mutum uku ne ke da buƙata a nan.

Na farko, wanda aka taɓa masa wesget ko aka sa masa bawul ɗin ƙarin iska. Cire bawul ɗin, mayar da sanda tsawonta na asali. Idan ba a san asalin ba, a hura iska a tukunyar wesget da famfo mai geji, a ga inda sandar ta fara motsi, a daidaita da lambar littafin gyara. A turbo mai fukafukai masu motsi akwai ɗan sukurun tsayawa da aka shafa wa fenti daga kamfani. Kada a taɓa shi. Gyaransa da ka gyaran gangar Auzinawa ne.

Na biyu, mai tsohon injin gas da famfon hannu. Matsalarsa mai ya fi iska yawa, sai baƙin hayaƙi da zafi. Maganin rage mai ne kaɗan, ba ƙara iska ba. A bayan famfon akwai sukurun cikakken mai da noti mai kulle shi. Sa masa alamar fenti, ka warware shi waje kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka kulle, ka gwada, ka sake daidaita silo idan ya sauka. A duba kuma ɗan tiyon da ke kai iska kan famfon da robar da ke ciki, idan ta huje motar ba za ta ja ba ko a ina.

Gargaɗi: ɗaure wannan sukuru ciki da yawa yana iya sa inji ya ɗauki gudu ya ƙi mutuwa. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa mai gyaran famfo.

Na uku, wanda aka yi wa ƙwaƙwalwarsa rubutun ƙarin ƙarfi, sau da yawa tun daga Turai kafin motar ta iso Kwatano. Koma wurin mai kwamfuta da buƙatu huɗu. Ya ajiye kwafin abin da ke ciki kafin ya taɓa komai, ya ba ka a waya. Ya nuna maka jadawalin iyakar iska bisa nauyin iskar waje, ya tabbatar yana sauka yayin da kPa ke sauka, domin masu rubutun gaggawa sukan cika shi da lamba ɗaya daga sama har ƙasa. A gas ya bar jadawalin hana hayaƙi yadda yake. A fetur kada ya ƙara tayimin. Idan bai gane abin da kake nufi ba, ce masa ya mayar da rubutun kamfani, ka biya shi ka tafi.

9. Sake aunawa a can

Da ka isa Jos, ko Maisamari idan Mambila ka nufa, kashe mota, murɗa makulli, ka sake karanta BARO. Ka ga 87 zuwa 89 a Jos, sensa tana da gaskiya. Wasu tsofaffin motoci ba sa sabunta wannan karatu sai an kashe an kunna, don haka tsayawar tana da amfani ko ba ka da na'ura. Maimaita gwajin giya ta uku ka kwatanta da littafinka. MAP ya ɗan yi ƙasa da na gida, turbo ta ɗan yi jinkirin kamawa, duk daidai ne. Abin tsoro shi ne sabon fito mai kaifi, ko mota ta yanke ƙarfi ta kunna fitila.

Za ka ga ledar biskit da ka saya a gida ta kumbura kamar balan-balan, gejin taya ma ya ƙaru da kusan psi 2. Kada ka sace iskar, za ta koma da ka sauko.

10. Hawa, gangara, da dawowa gida

A hawa irin na Mayo Selbe ko Hawan Kibo, abin da ke kashe inji shi ne babbar giya da totur a ƙasa. Sauko da giya tun kafin motar ta fara nishi, ka riƙe gas tsakanin juyi 2,200 da 2,800, fetur kusan 3,000 zuwa sama kaɗan. Kashe esi. Mai gejin EGT da aka ɗaura gaban turbo kada ya bar shi ya zauna sama da digiri 700, da ya kusa sai a ɗaga ƙafa ko a sauke giya. Ka ga baƙin hayaƙi a madubi, man da kake ƙarawa zafi kawai yake zama. Idan ka kai sama kada ka kashe nan take, bar ta a silo minti biyu zuwa uku mai ya sanyaya turbo. Allura ta hau ja, tsaya a gefe, sa dutse a taya, bar inji yana aiki muddin ruwa bai zube ba, kuma kada ka buɗe murfin lagireto.

A gangara giyar da ka hau da ita da ita za ka sauko, ba a sa furi. Man birkin da ya wuce shekara biyu ya sha ruwa, a canza shi tun a gida.

Idan wani bakanike a can ya taɓa maka wani abu don motar ta ƙara ja, tayimin ne ko famfo ko wesget, sa ya nuna maka da yatsa, ka ɗauki hoto, ka rubuta zagaye nawa ya murɗa. Tayimin da ya zauna lafiya a sanyin Gembu zai yi ta ƙwanƙwasa tsakanin Talata Mafara da Sakkwato a watan Mayu. A mayar da shi kan alamar fenti kafin ka wuce Zariya.